Rigar da Aka Sa wa Baba

Babanmu mai wanki da guga ne, kuma tun kafin a haife ni mutanen layinmu suka sa masa suna Fes. Mutum ne da zai wuni tsakanin kumfar sabulu da tokar gawayi, amma da yamma ya fito da farar riga kamar yanzu aka ciro ta daga leda. In ka zo gaishe shi da baƙin wuya a rigarka, zai amsa gaisuwar yana kallon wuyan rigar, ba fuskarka ba, har sai ka tsargu ka tashi. Ni da ƙanena Auta mun fi shan faɗa a kan dattin farce da na bayan kunne fiye da faɗuwa jarrabawa.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi masa da hannun dama da ƙafar dama da rabin maganarsa, amma bai taɓa wannan halin ba. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, don haka na kwaso keken ɗinkina daga shago na dawo da shi gida. Auta ke yi masa wanka da aski, ni kuma nake gyara ɗaki, in canja zanen gado, in goge masa riga da tsohon dutsen gugarsa, don ya ce na lantarki ba ya kwantar da wuya yadda ya kamata. In mun gama shirya shi sai mu kai shi kujerarsa ta ƙofar gida, da hula a kansa da farin hankici a hannun hagu. Hankicin nan shi ne abin da ba ya wasa da shi. Gefen bakinsa da ya karkace yakan zubar da miyau, amma kafin ɗigo ya kai haɓa ya riga ya share. Babu wanda ya taɓa wucewa ta layin ya ga miyau a fuskar Baba Fes.

Auta kuwa ya gama jami'a a fannin tace ruwan sha, da sakamakon da malamansa suka riƙa nuna wa na bayansa. Aiki ya ƙi samuwa. Sai ya koma neman tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, irin wanda ake biya wa mutum komai, daga kuɗin makaranta da masauki har kujerar jirgi. Ya rubuta, an ba shi haƙuri. Ya sake rubutawa, an sake ba shi haƙuri, cikin Turanci mai laushi kamar ana lallashin yaro. Na karanta bayanin da yake turawa. Labarin wata matatar ruwa ne da ya haɗa da yashi da gawayi da tsohuwar ganga, wadda ta mayar da jan ruwan rijiyarmu fari tas. Ni dai ban ga aibunsa ba, amma ni ba ni ke raba kujerun jirgi ba.

Ana haka wani abokinsa ya haɗa shi da mutumin da ake kira Sai-Ka-Tafi. Sana'arsa ke nan, gyara wa masu neman tallafi takardunsu, kuma duk wanda ya taka ofishinsa kalmar da yake fara ji ke nan, har ta zame masa suna. Akwai wata gidauniya da ta buɗe neman ɗalibai a lokacin, ita kuma ban da takardu tana son gajeren bidiyo, mai nema ya nuna ko shi wane ne da inda ya fito. Sai-Ka-Tafi ya ce Auta ya zo masa da wani babba da ya san tarihin gidan. Haka na ajiye ɗinkin mutane na bi shi.

Ofishin yana saman wani shagon waya, sai ka bi matakala mai zarnin fitsari kafin ka iske ƙofar gilashi. Bangon ciki ya cika da hotunan samari da 'yan mata a filin jirgi, kowa riƙe da akwati, baki har kunne. Shi kansa mai ofishin yana zaune da tumbinsa a kan tebur, da tsinken sakace a baki, ya yi wanka da wani turare mai hawa kai. Ya ɗauki bayanin Auta da yatsu biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera.

"Ganga da yashi?" ya ce. "Ƙanena, kowa yana da ganga. Mutanen nan dubbai suke karantawa. So suke su ji abin da zai sa su ajiye kofin shayinsu." Ya juyo gare ni. "Anti, gidanku ya taɓa yin gobara?"

Na ce Allah ya tsare.

"Ambaliya fa? An taɓa korarku daga gidan haya? Ya taɓa yin tallan wani abu yana ƙarami? Ko zuwa makaranta ba takalmi?"

"Mai gyara," na ce, "ubanmu ko takalmi mai ƙura bai bari mun fita da shi ba, balle ba takalmi."

Ya ja tsaki a hankali, irin na wanda aka kawo wa kaya marar kyau. Auta ya sunkuyar da kai, kamar laifinmu ne da ba mu ƙone ba. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Sai dai Baba da ke kwance, ɓarin jikinsa ya shanye."

Mutumin nan ya cire tsinken daga baki. Fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi!" ya ce. "To me kuke jira tun ɗazu? Yana iya magana? Bakin ya karkace sosai?"

Na taɓa ganin mahauci yana duba akuya da irin wannan idon. Na miƙe na ce wa Auta ya same ni a ƙasa, na gwammace zarnin matakalar da turaren ofishin. Da ya sauko na ce masa ban yarda ba. Ya ce ba komai ba ne, Yaya, Baba zai zauna a kujerarsa ne kawai a ɗauke su tare. Na ce in dai a kujerarsa ne da hularsa, to.

Sai na lura Auta ya daina yi wa Baba aski. Yau ya ce reza ta dakushe, gobe ya ce ya manta bai sayo ba. Furfura ta fara tsirowa a haɓar Baba kamar ƙaya, yana ta shafa ta da hannun hagu yana ɓata rai. Na sayo reza da kaina na ajiye a kan taga, ita ma ta yi ƙafa. Ban kawo komai a raina ba, don ban taɓa zaton ɗan da ke ɗaukar ubansa a baya ya kai shi banɗaki zai iya ɓoye reza ba.

Ranar ɗaukar bidiyon suka iso da hantsi, Sai-Ka-Tafi da mai kyamara, wani dogo marar magana da ke jan wayoyi. Baba na zaune a ƙofar gida cikin farar rigarsa. Sai-Ka-Tafi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon wuyan rigarsa. Sannan baƙon ya leƙa ɗakin Baba ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Kai! Wannan ai ɗakin otal ne. Wa zai tausaya wa mai wannan ɗakin?"

Kafin in ce wani abu ya sa mai kyamara ya cire labule. Aka yaye zanen gadon da na shimfiɗa da safe, katifa ta fito tsirara da tsohon tabonta. Aka fitar da rediyo da fanka da kwalbar turaren ɗaki. Sai ya aika a ɗauko masa wani buhu daga bayan motarsa, ya zazzage a tsakar ɗakin. Akwai kwanon silba duk ya lotsa, da fitilar ƙwai mai fasasshen gilashi, da bargo mai huji. Daga ƙarshe ya ɗago wata riga. Ban san launin da aka haife ta da shi ba. Wuyanta ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, gabanta duk busasshen jirwayen miya, kuma tsaminta ya riga ta isowa inda nake.

"Kar ki raina ta, Anti," ya ce yana dariya. "Rigar nan ta kai mutane ƙasar waje fiye da wani jirgin. Kakan wata ya sa ta, kawun wani ya sa ta. Ba a wanke ta, wankin ne zai kashe ta."

"Fitar min da tsummanka daga ɗakin ubana," na ce. "Kai ko kunyar Allah ba ka ji?"

Ko a jikinsa. Ya dubi Auta ya ce, "Ƙanena, ka yi magana da yayarka. Rana tana yi, akwai wani gidan da ke jirana."

Auta ya ja ni zuwa lungun da ke tsakanin ɗakin da ƙofar gida. Idonsa ya yi ja.

"Yaya, don Allah. Ɗan lokaci ne a gama. Turawa ne kawai za su gani, can wata duniya, ba su san shi ba."

"Kai ka san shi ai. Kai ka ɓoye rezar?"

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fitar da datti daga rigunan mutane, shi za ka sa wa wannan? Da hannunka?"

"To ya kike so in yi?" Muryarsa ta fashe. "Na gaya musu gaskiya sun ƙi. Abokan karatuna da nake koya wa lissafi duk sun tafi. Ni ina nan ina wanke wa Baba fo. Ban ce na gaji ba, Yaya, wallahi ban gaji ba. Amma shekaruna tafiya suke, in wannan ta wuce na haura shekarun da suke ɗauka."

Mun manta cewa kunnen Baba lafiyarsa ƙalau, kuma kujerarsa tana bayan ƙofar nan. Sai muka ji sandarsa tana bugun ƙasa. Muka fita. Ya dube ni, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina jaririya.

"Uwata." Yakan ɗauki lokaci kafin kalma ta fito. "Kawo... rigar."

"Baba, ba ka gan ta ba ne."

"Na ji... warinta." Ya ɗaga hannun hagu ya cire hularsa da kansa, ya miƙo min. "Riƙe."

Na karɓi hular, amma na rantse ba zan taɓa rigar ba, kuma ban taɓa ta ba. Auta ne ya kai shi ɗaki, ya cire masa farar rigar ya zura masa waccan. Na ga yadda Baba ya runtse ido ya riƙe numfashi lokacin da wuyan ya wuce ta hancinsa. Aka jingina shi da bango a kan katifar, aka yafa masa bargon a ƙafa. Aka zuba shayi a kwanon silban, Auta ya durƙusa gabansa da cokali.

Aka fara. Auta na ba shi shayin yana magana da kyamara cikin Turancin da ya haddace. Ina jin Turanci daidai gwargwado. Na ji ya ce a wannan ɗakin ya girma. Na ji ya ce shi kaɗai ne ke kula da mahaifinsa, babu mai taimaka masa, ni kuwa ina tsaye a bayan mai kyamara da hular Baba a hannu. Ganga da yashi ba su samu shiga ba sai a jimlar ƙarshe.

"Tsaya," in ji Sai-Ka-Tafi. "Baba, kana yawan goge baki. Hankicin nan yana ɓata mana hoto, ya yi fari da yawa."

Babu wanda ya motsa. Auta ya kasa ɗaga kai. Na buɗe baki zan yi magana, sai Baba ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya buɗe yatsunsa. Hankicin ya faɗi a kan siminti.

Aka ci gaba. Miyau ya taru a gefen bakin, ya gangaro ta cikin furfurar da aka tara masa, ya yi tsawo, ya sauka a ƙirjin rigar. Hannun hagunsa yana ta motsi a kan bargo yana neman abin da babu. Mai kyamara ya matso da kyamarar har kusa da haɓarsa.

"Madalla!" in ji Sai-Ka-Tafi. "Baba ai ɗan wasa ne. A ƙara ɗauka ko da za a samu wanda ya fi."

Na fita tsakar gida na yi amai a bakin rijiya.

Da suka tafi na dafa ruwa tukunya guda, Auta ya yi masa wanka har sai da sabulun ya kusa ƙarewa. Rezar ta dawo daga inda ta je. Na wanke ɗakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na mayar da labule da zanen gado. Washegari Baba ya koma kujerarsa da hularsa da sabon hankici, ni kuma na daina yi wa Auta magana sai ta dole.

Watanni suka wuce, sai ga saƙo. An ɗauke shi. Komai da komai za su biya. Auta ya shigo da gudu ya faɗi a gaban Baba yana kuka, Baba ya dafa kansa, rabin fuskarsa mai motsi tana dariya. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba, ƙanena ne. Na ce a raina to, an sha wari an wuce, Turawan sun gani sun ajiye kofin shayinsu, magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Gidauniyar ta ɗora bidiyon waɗanda suka yi nasara a shafinta na intanet, na Auta ne a sama, da rubutu a ƙasa cewa ga irin rayukan da suke canjawa. Hoton da suka zaɓa ya tsaya a fuskar bidiyon shi ne na haɓar Baba. Wani ɗan layinmu ya gani ya tura wa wani, kafin la'asar babu wayar da bai shiga ba. Auta ya ce bai zaci zai iso nan ba. Na ce masa ai intanet ɗin ba ta da ƙofa.

Sai aka fara sallama. Matar mai shagon kusa da mu ta zo da sabulu sanda biyu, ta ajiye tana kallon ƙasa. Ta ce, "Ai da kin yi magana, 'yar nan. Jinya ba ta mutum ɗaya ba ce." A bakin famfo na ji wata tana cewa ashe fes ɗin na ƙofar gida ne, ciki kuwa sai addu'a. Wani tsohon ma'aikacin banki da Baba ya yi wa guga shekara da shekaru ya aiko da tsofaffin rigunansa a leda. Na yi ta bayani har bakina ya gaji, cewa shiri ne, rigar ma ba tamu ba ce. Sai su gyaɗa kai cikin tausayi, don sun gani da idonsu, kuma in shiri ne to ƙanena maƙaryaci ne ke nan. Kowanne na zaɓa, gidanmu ne a ciki.

Duk wannan Baba yana zaune a kujerarsa yana amsa gaisuwa. Na lura dai ya daina kallon wuyan rigar kowa.

Wanda ya ƙarasa shi tsohon yaron shagonsa ne, wanda Baba ya koya wa riƙon dutsen guga, yanzu kuma yake da shagon wanki na injina a bakin titi. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya zo. Ya durƙusa a gaban kujerar da hawaye a idonsa, mutane suna wucewa suna ji.

"Maigida, ka yafe min, ban san abin ya kai haka ba. Daga yau a riƙa aiko min da wankinka. Ni zan wanke in goge, ko sisi ba na so. Ba za ka ƙara kwana cikin datti ba ina raye."

Baba ya dube shi. Rigar da ke jikinsa a lokacin fara ce tas, karin gugarta kamar wuƙa, amma mutumin bai gan ta ba, waccan yake gani. Baba ya ɗaga hankici ya share bakinsa, ya ce, "Na... gode." Sannan ya buga sanda a mayar da shi ciki.

Washegari na tashi na hura gawayi kamar kullum. Na goge farar rigar, na kwantar da wuyan yadda yake so, na ninke hankici, na kaɗe hular. Auta ya riga ya yi masa wanka ya koma ɗakinsa, ina jin ƙarar zif ɗin sabon akwatinsa yana buɗewa yana rufewa. Na shiga na sami Baba zaune a bakin gado da singileti.

"Baba, ga rigar. An fitar da kujera."

Ya kalli rigar, ya kai hannu ya shafa wuyan da bayan yatsunsa, kamar yadda yake duba aikin yaransa a da. Sai ya ture ta a hankali.

"Bar shi, Uwata. Sun... riga sun gani."

"Baba, ƙarya suka gani."

"Shigo da... kujerar." Ya nuna ɗakin Auta da haɓa. "Kar ki... gaya masa."

Na fita na ɗauko kujerar daga ƙofar gida, na ajiye ta a lungun ɗaki. Rigar tana kan hannuna da sauran ɗuminta. Auta ya leƙo daga ɗakinsa da fasfo a hannu, ya ga kujerar, ya ce, "Yaya, yau Baba ba zai fita ba ne?"

Na dube shi, da maganganu cike da bakina. Ta gefen ido ina hango Baba a bakin gado yana kallona.

Na ce wa Auta sanyi yake ji.